Tumatirin Mile 12 a cikin kwamfuta: wace manhaja, su wane mutane?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibin digiri na biyu a nan Legas, wanda mahaifinsa dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12. Ya ce: "Malam, ina so in yi bincikena a kan abin da ke sa kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo yau, jibi ya faɗi warwas, alhali ba hanya ce ta rufe ba, ba kuma yanayi ne ya sauya ba. Malamina ya ce in yi shi da kwaikwayon kwamfuta irin na wakilai, ya ambaci NetLogo da Mesa da GAMA. Wacce zan ɗauka? Da gaske kyauta ne, ko akwai wani abu a ƙasa? In na maƙale kuma wa zan tambaya, tunda a sashenmu ba mai yin wannan?"

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, don ni ma ɗan gidan 'yan kasuwa ne, ko da yake nawa aikin a kan motocin hayar Legas na fi yin sa. Bari in ba ka gajeriyar amsa tun kafin ka gaji da ni: ɗauki NetLogo, ka sauke ta yau da dare in an kawo wuta. Dalilin da ya sa na ce haka yana cikin tambayarka ta uku, wato wa za ka tambaya in ka maƙale, kuma a can zan fi daɗewa.

Saboda masu karatun da ba su san inda muka dosa ba, bari mu hau gadar Third Mainland da safe. Akwai wani gosulo mai ban haushi da kowa ya sani. Ka yi minti arba'in kana jan ƙafa, kana cewa lallai tirela ce ta kife a gaba. Ka iso wurin ka tarar da hanya fes, ba hatsari, ba rami, ba kowa. A 2008 wasu masu bincike a Japan sun wallafa wani gwaji a kan haka. Motoci 22 suka sa a kan da'irar hanya mai tsawon mita 230, aka ce wa kowane direba ya riƙe gudu ɗaya, kimanin kilomita 30 a awa. Ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, yana ja da baya kamar igiyar ruwa. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya tsaya cak. Ko kwana za ka yi kana yi wa direba ɗaya tambayoyi, ba za ka ga cunkoson a jikinsa ba, yana tsakaninsa ne da na gabansa.

Irin wannan ake kira tsari mai sarƙaƙiya, kuma kwaikwayon wakilai dabara ce ta kama shi. Maimakon ka rubuta lissafi guda na dukan gadar, sai ka ƙirƙiri 'yan halittu a cikin kwamfuta, kowanne yana tsaye a madadin mota ɗaya ko mutum ɗaya, shi ya sa nake ce musu wakilai. Ka ba kowanne ƙa'ida biyu ko uku, ka sake su su yi ta cuɗanya, ka zuba ido ka ga abin da zai ɓullo. Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, da kwabbai ya yi nasa a kan allo mai gida-gida wajen 1971. Ya nuna cewa ko da ba wanda ya ƙi zama da baƙo, buƙatar kowa kawai kada ya zama saniyar ware a layinsu, a ƙarshe sai unguwanni sun rabu. Nakan tuna shi in na bi ta Agege ko Idi-Araba, duk da dai tarihin zangonmu ya fi kwabban nan zurfi.

Matsalarka kuwa an daɗe da raɗa mata suna. A 1994 W. Brian Arthur, wanda ke aiki da Cibiyar Santa Fe a Amurka, ya kawo misalin wata mashaya ta garin mai suna El Farol. Mutum 100 ne ke sha'awar zuwa ran Alhamis da dare, amma da zarar sun kai 60 wuri ya cushe, daɗi ya ƙare. Kowa a gidansa yake yanke shawara, abin da ya sani kawai shi ne yadda aka cika a makonnin baya. In kowa ya hango za a cika, ba mai zuwa, wuri ya zama wayam. In kowa ya ce ai yau ba kowa, sai a cika maƙil. Duk hasashen da jama'a suka haɗu a kansa, shi ke ƙaryata kansa.

To cire mashayar ka sa Mile 12. Ran Litinin motoci kaɗan suka shigo, kwando ya yi wuta. Kafin azahar waya ta kama aiki: Alhaji, wato mahaifinka, ya kira Kadawa, maƙwabcinsa ya kira Zariya, na can gefe ya kira Danja, magana ɗaya ce a bakin kowa, kasuwa ta yi kyau, a loda. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kwana biyu ko uku in hanya ta yi kirki. Ran Alhamis da asuba sai ga su sun iso tare kamar an yi musu gangami. Tumatir kuwa ba masara ba ce da za a jibge a sito, kafin rana ta take ya fara ruwa, dole a sallama yadda ta kama. Sai waya ta sake tashi, a dakata, kada a loda. Bayan kwana uku kasuwa ta sake bushewa. Ban ce wannan ne dukan labarin ba. Akwai kuɗin dizal, akwai shingayen hanya, akwai rani da damina, akwai shekara irin 2016 da ƙwaron nan tuta absoluta ya lashe gonakin Arewa. Amma tazarar da ke tsakanin bugun waya da isowar mota ita kaɗai za ta iya haifar da hawa da sauka, kuma abu ne da za ka iya gwadawa. A ɗakin misalan NetLogo akwai kwaikwayon El Farol a shirye, buɗewa kawai za ka yi. Ka ga dalili na farko.

Manhajojin nan kowacce da gidanta da mutanenta, kamar yadda kowace rumfa a kasuwa ke da ubangida da yaransa. Uwarsu ita ce Swarm, wadda aka fara a Santa Fe wajen 1994 ƙarƙashin Chris Langton, aka rubuta ta da harshen Objective-C. A zamaninta ita ce ke tashe, har taron shekara-shekara ake yi da sunanta. Yau da wuya ka ga ɗalibin da ya fara aiki da ita. Kod ɗinta, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, na nan bai ruɓe ba, mutanen ne suka watse zuwa wasu rumfunan. Ka san rijiyar da aka daina yashewa, ramin na nan amma guga ba ya fitowa da komai.

NetLogo, Uri Wilensky ne ya fitar da ita a 1999, gidanta Jami'ar Northwestern kusa da Shikago. Jikar Logo ce, harshen da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1967 don koya wa yara, inda yaro ke ba ɗan kunkuru umarni ya yi gaba, ya juya, ya ja layi. Shi ya sa har gobe wakilan NetLogo kunkuru ake ce musu, ko da tirela suke wakilta. Wasu na raina ta saboda wannan, wai kayan wasan yara ce. Ni ma na raina ta, za ka ji abin da rainin ya ja mini. A cikinta akwai ɗaruruwan misalai da za ka buɗe, ka karanta kod ɗin, ka ɓata, ka gyara, kowanne da bayaninsa a gefe. Akwai BehaviorSpace, wanda zai maimaita maka gwaji sau ɗari ko dubu, yana sauya lambobi yana tara sakamako. Sau ɗaya za ka sauke ta, ba ta ƙara cin datarka. Babban abin kuma, sama da shekara ashirin ana tambaya ana amsawa a kanta, don haka kusan duk ramin da za ka faɗa a wata shidan farko wani ya riga ka faɗawa, ya yi kururuwa a Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ko wurin masu ita, an ciro shi, kuma igiyar na nan a rataye.

Mesa ta 'yan Python ce, wani sanannen harshen rubuta manhaja. Jackie Kazil da David Masad suka gabatar da ita a 2015, lokacin suna karatu a Jami'ar George Mason. Alherinta shi ne in ka iya Python kana cikin gidanku, duk kayan lissafi da zana jadawali na kusa da hannunka. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, don masu Python sun fi masu NetLogo yawa nesa ba kusa ba. Aibinta, yarinya ce mai saurin girma, rigar bara ba ta shigarta. A ƙarshen 2024 aka fitar da siga ta 3, aka sauya yadda ake jera wa wakilai layin motsi, darussan bidiyo da yawa na da suka zama tarihi. Na ga ɗalibin da ya kwana biyu yana zargin ƙwaƙwalwarsa, ashe darasin na tsohuwar siga ne, kwamfutarsa kuma sabuwa ta sauke. Manhajojin hirar nan masu ƙirƙirarriyar basira ma sukan gauraya maka tsohon kod da sabo, su miƙo maka ba ko kunya. In ka koma Mesa daga baya, bayanin da ke shafinta na sigar da ke hannunka shi ne abin bi.

GAMA an fara ta a 2007, haɗin gwiwar cibiyar bincike ta IRD ta Faransa da abokan aikinta a Hanoi ta ƙasar Biyetnam, Alexis Drogoul ne jagora. Ƙarfinta taswira. Ran da kake so tirelolinka su bi ainihin titin Ikorodu da ka ɗebo daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, su maƙale a Ketu kamar yadda suka saba, ita ce abar nema. Ina kuma son mutanenta, don sun saba da matsaloli irin namu: ambaliya, noman shinkafa, babura, birnin da ke girma ba ji ba gani. Sai dai harshenta GAML sai ka zauna ka koya, tana kuma son kwamfuta mai ƙashi. Taka tambayar ba ta kai ga taswira ba tukuna.

Sauran zan wuce su da sauri. Repast ta taso daga Jami'ar Shikago ta koma cibiyar Argonne, MASON ta Sean Luke ce a George Mason, Agents.jl ta masu harshen Julia ce. Amfaninsu ya fi fitowa in wakilai sun kai miliyoyi, dillalan Mile 12 kuwa ba su kai ba. Mai sha'awar sufuri ya leƙa MATSim ta jami'o'in Balin da Zurik, wadda har an yi amfani da ita a kan ƙananan motocin hayar Afirka ta Kudu, 'yan uwan danfo. AnyLogic kuma ta kamfani ce, akwai sigar koyo ta kyauta, amma cikinta a rufe yake.

Batun kyauta, e, da gaske ne, ba wanda zai turo maka takardar biya. Amma abin ya wuce rashin biya. Buɗaɗɗen tushe na nufin kod ɗin manhajar a fili yake, ka karanta, ka gyara, ka raba wa wanda ka so. Lasisi iri biyu za ka fi gani. NetLogo da GAMA suna ƙarƙashin GPL, wanda ya ce in ka gyara manhajar kanta ka raba wa jama'a, to gyaranka ma ya zauna a buɗe. Mesa tana ƙarƙashin Apache, mai sassauci, ko kamfani zai iya ɗauka ya gina nasa a kai. Kwaikwayon tumatirin da za ka rubuta kuwa naka ne.

Abin da ke ƙasa, tunda ka tambaya, aikin gayya ne. Masu ɗibar ruwa dubbai, masu yashe rijiyar 'yan ƙalilan: malaman jami'a da ke yi da kuɗin tallafin bincike wanda kan ƙare, ɗalibai, da 'yan sa-kai da ke zama su gyara bayan sun taso daga aiki. Ba ka da hurumin buga musu tebur. Saboda haka kafin ka ɗora karatun shekara biyu a kan wata manhaja, yi mata irin duban da Alhaji ke yi wa kwando. Ba ya tsayawa a manyan da aka jera a sama, hannu yake zurawa ƙasa. Shiga shafinta a GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu a intanet. Yaushe aka yi gyara na ƙarshe? Mutum nawa ne suka sa hannu a shekarar nan, ko duk mutum ɗaya ne wanda in ya samu wani aikin shi ke nan? Buɗe ƙorafe-ƙorafen da aka shigar, ka ga ana amsawa ko an bar su suna ƙura. Nemi tambayar wani sabon shiga, irin mai ban dariyar nan, ka ga da wane baki aka amsa masa. Wannan duban na minti ashirin ya fi duk wani jadawalin wace ta fi wace gudu.

Ga labarin rainin da na ce za ka ji. Shekarun baya ina ji da kaina na iya Python, na ce ba ruwana da kunkurun yara, da hannuna zan rubuta komai tun daga tushe. Kwaikwayon tashar danfo ne: direbobi 200, fasinjoji na zuwa, mota na cika tana tashi. Sakamako ya fito gwanin sha'awa. 'Yan direbobi kaɗan ne ke kwashe kusan duk cinikin, sauran na komawa gida da abin da bai kai kuɗin mai ba. Na yi murna, har na ɗinka masa bayani, wai ga yadda rashin daidaito ke tsirowa da kansa, wanda ya fara samu shi ke ci gaba da samu. Na gabatar a wani taro aka tafa mini. Daga baya na sa kod ɗin a GitHub, don dai a ce na sa. Bayan 'yan makonni wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, ban ma san ƙasarsa ba, ya rubuto layi uku. Ya ce a kowane zagaye ina bin jerin direbobin ne daga na 1 zuwa na 200, ke nan na 1 shi ke fara zaɓen fasinja kullum, ko na gwada cakuɗa jerin? Na cakuɗa. Layi ɗaya tal na ƙara. Rashin daidaiton nan da na yi wa huɗuba a gaban jama'a ya narke kusan gaba ɗaya. Ashe halin kod ɗina na gano na laƙa wa direbobin Legas. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Abin da ya fi ci mini rai, a NetLogo umarnin ask, wanda ake sa wakilai aiki da shi, da kansa yake cakuɗa su duk lokacin da aka kira shi, don waɗanda suka gina ta sun san ramin nan tun kafin in iya kunna kwamfuta.

Kada ka ce sai ƙananan masu bincike irina abin ke samu. Rahoton da ƙungiyar Neil Ferguson ta Imperial College a Landan ta fitar a Maris 2020, wanda ya yi tasiri wajen kulle Ingila lokacin korona, a kan kwaikwayo irin wannan aka gina shi, mutum-mutum, gida-gida. Da aka nemi ganin kod ɗin, shi da kansa ya ce dubban layuka ne na harshen C da ya rubuta sama da shekara 13 kafin nan don annobar mura, ba bayani a jikinsu. Sai da injiniyoyi suka taya shi kintsawa kafin a fitar da shi a GitHub a ƙarshen Afrilu, aka yi ta cece-kuce. Daga baya wani mai bincike a Kambirij ya sake gudanar da shi, manyan alƙaluman suka fito kamar yadda aka faɗa. Amma kafin nan zargi ya riga ya yi nisa.

Saboda irin haka aka kafa wasu gidajen da ba na manhaja ɗaya ba, kuma su nake so ka fi sani. CoMSES Net, wadda Jami'ar Jihar Arizona ke riƙe da ita, rumbu ce ta kwaikwayo. Ka ajiye naka da kod da bayani, in ka nema a ba wasu su duba ko yana gudana yadda ka ce, a ba shi lambar dindindin da za a riƙa ambatonsa da ita. Kafin ka rubuta layi ɗaya, shiga can ka nemo abin da aka yi a kan kasuwa da manoma. Akwai mujallar JASSS da ake fitarwa tun 1998, karatunta kyauta ne, ba sai ka roƙi wani da ke jami'ar Turai ya turo maka ba. Sai kuma ODD, wani tsari na bayyana kwaikwayo da magana wanda Volker Grimm da abokansa suka fitar a 2006, suka sabunta a 2010 da 2020. Tambayoyi ne yake titsiye ka da su: me kake nema, su wane ne wakilanka, me kowanne ya sani, me yake tunawa, ina ƙuri'a ke shiga, wa ke fara motsi. Da na cika shi a wancan lokacin, da tambayar ƙarshen nan ta kama ni tun a ɗaki. Ka rubuta naka da Hausa tukuna. Za ka ga dalili.

Tambaya a wuraren nan tana da ladabinta, kuma ya saɓa wa namu. Mu mun saba a yi gaisuwa har ta kai ga iyali da gajiya, ɗalibi kuma ba ya ce wa malami ga kuskurenka. Can gaisuwar layi ɗaya ta isa, nuna kuskure kuma godiya ake yi masa. Faɗi sigar da kake amfani da ita, abin da ka yi, abin da ka zata, abin da ya fito. Kwafi saƙon kuskuren harafi da harafi, kada ka ɗauki hoton allo da waya. Rage kod ɗin zuwa 'yan layukan da ke nuna matsalar, sau da yawa garin ragewar za ka ga amsar da idonka. Kada ka jibga musu dukan aikinka ka ce gaggawa ce jibi za ka kare. In an amsa maka a gajarce ba wulaƙanci ba ne, mutumin wataƙila tsakanin aji da aji ya rubuto. Turancinka kuwa kada ya dame ka, da yawa daga masu amsawar su ma aro suka yi. In ka warware, koma ka rubuta yadda ka yi, don na bayanka. Da haka ake fara ɗaukar fartanya a gayyar.

A nan gida ba lallai ka samu mai kwaikwayon wakilai a kowace kusurwa ba, amma akwai 'yan Python Nigeria, akwai Open Source Community Africa da ta yi babban taronta a Legas a 2020, akwai matasan da ke kai-kawo a Yaba wajen CcHub. A cikinsu za ka samu wanda zai koya maka git, manhajar ajiye tarihin gyare-gyaren kod, cikin awa ɗaya, wanda da kai kaɗai ne sai ka ci mako. Cibiyar Santa Fe tana da darasin wannan fanni a Complexity Explorer, da NetLogo ake koyar da shi. In kuma wani a sashenku ya ce abin nan na Turawa ne bai shafe mu ba, ka gaya masa an yi amfani da kwaikwayon wakilai mai suna EMOD wajen auna matakan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a ƙananan hukumomin Najeriya 774.

'Yan abubuwa na wanda wuta ta sha ɗauke masa. A BehaviorSpace zaɓi fitar da sakamako irin na tebur, wanda ke rubutawa tun ana gudu. Ɗaya zaɓin, mai suna spreadsheet, sai an gama duka yake ajiyewa, in batir ya mutu a zagaye na 900 ka tashi a tutar babu. Rubuta sigar manhajar da lambar da kwamfutar ke soma jefa ƙuri'a daga kanta, wadda ake ce wa seed, don wani ya iya maimaita gwajinka ya samu abin da ka samu. Kada kuma ka yarda da gudu ɗaya, komai kyansa.

Akwai jama'a ta biyu da ba ka ambata ba, kuma a nan ka fi duk waɗancan Turawan gata. Masu manhajar CORMAS, ta cibiyar CIRAD a Faransa, sun yi wani abu a ƙarshen shekarun 1990 da nake so ka kwaikwaya. Olivier Barreteau da François Bousquet sun gina kwaikwayon noman rani na kwarin Kogin Senegal, sai suka mayar da shi wasa na kati, suka zauna da manoman kowa ya taka rawarsa, manoman na nuna musu inda ƙa'idojin suka dace da inda suka kauce. Na taɓa gwada ƙaramin irin wannan a kasuwarku. Da sanyin asuba na zauna a bencin wani dattijo dillalin albasa, abokin kawuna, ana sauke buhuna, 'yan dako na ihun a ba su hanya, mai shayi ya ajiye mana kofi biyu. Na buɗe kwamfuta na nuna masa ɗigo-ɗigo, jajaye masu saye, koraye masu sayarwa, kowane kore yana sallama wa wanda ya fi tayi. Ya daɗe yana kallo, ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce, "Yaro, wannan kasuwar aljanu ce? Ina bashi?" Ya nuna mini wata Iya Bayarabiya da ke tsaye can da ɗaurin ƙugu, ya ce shekara goma sha biyar tana ɗaukar kaya a wurinsa, ba ta biya sai ta sayar. Ran da kaya suka yi wuya ita zai fara ware wa, ko da wani ya ɗora a kan kuɗinta, domin ran da suka yi kwantai ita ce ke zuwa ta kwashe masa. Wanda ya kama mini kuskuren jerin direbobi ba zai taɓa kama wannan ba, don kod ɗin lafiyarsa ƙalau, kasuwar da ke cikinsa ce ba ta wanzu ba.

Shi ya sa na ce ka rubuta ODD ɗinka da Hausa. Ka karanta wa Alhaji shi sakin layi bayan sakin layi. In ka ce mai loda a Kadawa farashin jiya yake dubawa, zai gaya maka ko na jiya ne, ko na makon jiya, ko kuwa maganar dillalinsa kawai yake ji ba ya duba komai. Zai gaya maka wa ke kiran wa, wa ke ɓoye labari in kasuwa ta yi kyau, kwana nawa kwando ke yi kafin ya zama na masu niƙa. Waɗannan su ne ƙa'idojin wakilanka. Fara da kaɗan: masu loda, dillalai, tazarar kwana biyu zuwa uku, da ruɓewa. In hawa da saukar sun fito, sai ka ƙara bashi da amana ka ga ko sun kwantar da su. Daga nan ka gwada tambayar da ni kaina nake son jin amsarta: in duk masu loda suna ganin farashi ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda WhatsApp ya kawo yanzu, abin sauƙi yake yi ko ƙaruwa? Misalin El Farol yana nuna zai iya ƙaruwa, amma sai an gwada. Ka kuma gaya wa Alhaji tun yanzu cewa kwamfutar ba za ta faɗa masa kuɗin kwando na ran Alhamis ba, kada ya sa rai ya ce an ci kuɗin makaranta a banza.

Ka roƙe shi aron tsofaffin littattafansa na ciniki, amma duk abin da za ka sa a intanet ka goge sunayen mutane da abin da ake bin su, wannan amana ce. Daga gobe kuma, kullum bayan sallar asuba ka riƙe biro da ɗan littafi ka rubuta abu uku: mota nawa ta shigo, nawa aka sayar da kwando da ƙarfe bakwai, nawa aka sayar da shi da sha biyu. In ka haɗa sati biyu, ka zo da shi tare da ODD ɗin, ka same ni a Agege ran Asabar bayan la'asar, mu buɗe El Farol mu fara sauya wa kunkurun suna. Ka gaishe mini da Alhaji.